Yadda za ka je yawon buɗe ido Kalaba lokacin ruwa, mataki bayan mataki

Tun da na dawo daga Kalaba, babban birnin jihar Kuros Riba, mutane ke ta tambayata abu ɗaya, wai ya aka yi na je garin nan a tsakiyar damina kuma na ji daɗinsa, me na ɗauka, ta ina na bi, a ina na sauka, me na ci. Na amsa wa wannan na amsa wa wancan har na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya a jere yadda duk mai niyya zai bi.

Kafin komai ga abin da nake so ya zauna maka a kai. Mu a Arewa mun saba hadari ya haɗu, iska ta taso, a sheƙa ruwa na awa ɗaya ko biyu ka fake a rumfar wani, a ɗauke rana ta fito kowa ya kama gabansa. Toh Kalaba ba haka ba ne. Ruwan da ake yi a can a shekara ya kai wajen milimita 3,000, na Kano kuwa yawanci bai kai 1,000 ba, kuma ba yawan ne kawai ba, yanayin zubarsa ne, ana iya tashi da yayyafi tun asuba a wuni ana yi a kwana ana yi. Wanda ya ce sai an ɗauke zai fita toh a ɗakin otal zai ƙare kwanakinsa. Duk shirin da zan faɗa a ƙasa na mutumin da zai fita ne ruwa na zuba.

1. Zaɓi wata

Ruwa na farawa sosai daga wajen Maris ya kai har Oktoba ko farkon Nuwamba, mafi ƙarfinsa kuma tsakanin Yuni da Satumba. Disamba zuwa Fabrairu ne ake samun sauƙi, duk da ko a lokacin ma kar ka yi mamaki in ka ga an yayyafa.

In kana son gari kore shar, otal da sauƙin kuɗi, wuraren kallo babu cunkoso, ka je Afrilu, Mayu ko Oktoba, akwai ruwa amma yana barin ka ka numfasa. Yuli da Agusta sai wanda ya shirya da gaske, amma a lokacin ne magangarun ruwa ke cika su yi kyau na ban mamaki. Disamba kuma watan bikin kanibal ne, wato bikin raye-raye a titi, wanda aka fara a 2004 zamanin gwamna Donald Duke, gari na cika maƙil musamman kwanakin ƙarshen wata.

Gargaɗi: in Disamba za ka je ka kama ɗaki tun da wuri, kuɗin otal da na jirgi duk tashi suke. Sannan in da iyali za ka ka sani shigar da masu rawa ke yi a titi ba irin wadda muka saba ba ce, ka yanke shawara tun daga gida ba sai ka tsinci kanka da yara a tsakiyar taro ba.

2. Gyara tunaninka a kan teku

Wannan gajere ne amma mutane da yawa a nan suke cin karo. Kalaba garin tashar jiragen ruwa ne amma a bakin kogi yake zaune, kogin ne ke gangarawa ya haɗu da na Kuros Riba su faɗa teku. Abin da za ka gani shi ne ruwa mai faɗi da dajin itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwa da kwale-kwale, ba rairayi da igiyar ruwa irin na Legas ba. Mai son wannan sai ya tsallaka jihar Akwa Ibom wajen Ibeno, kuma tafiya ce ta daban da ranarta. Kar ka yi wa yara alkawarin wasa a bakin teku.

3. Haɗa kaya

A nan zan daɗe domin rabin jin daɗin tafiyar a cikin jakarka yake.

Abu na farko leda. Manyan ledoji masu kauri guda biyu ko uku, ka shimfiɗa ɗaya a cikin jakar kafin ka zuba kaya, sannan ka raba kayan kashi-kashi kowanne a ledarsa, ka ware guda ɗaya ta jiƙaƙƙun kaya kaɗai. Sai ƙananan ledoji masu zif na waya, caja, fawa banki, katin shaida da kuɗi. Jakar da ta shiga but ɗin mota ko aka ɗora ta a saman bas ba ka san me za ta gani a hanya ba.

Tufafi: ka bar shadda mai sitaci da babbar riga a gida sai dai in biki za ka. Danshin garin kaɗai ya isa ya kwantar da sitacin cikin awa guda, in kuma ta jiƙe kwana biyu ba ta bushe ba. Ka ɗauki yadi mara nauyi, riguna irin na 'yan ƙwallo masu saurin bushewa, wando wanda bai kai ƙasa sosai ba. Jins ma in ya sha ruwa ya zama kaya. Mata kuma doguwar abaya mai jan ƙasa da hijabi mai kauri har ƙasa za su wahalar da ke, bakin zai ta kwasar ruwan titi ki dawo ki rasa da me za ki yi salla, gara mai sauƙi wanda ya tsaya a idon sawu, ki riƙe guda biyu ko uku ki ware ɗaya na salla kawai wanda ba ya fita waje. Kayan ciki da safa ka ninka abin da ka saba ɗauka.

Takalmi: na roba mai igiya a baya wanda ƙasansa ke da zane mai kama ƙasa. Silifas mai sulɓi hatsari ne a kan tayil da matakala, takalmin fata kuwa kwana uku ya fara funfuna. In za ka je daji ko magangarar ruwa ka ƙara da kambas guda wanda ba ka jin ciwon lalacewarsa.

Lema da rigar ruwa duka biyu ka ɗauka, ba ɗaya ba. Lema ta cikin gari ce, shiga mota fita mota. Rigar ruwa ta ranar da iska ta haɗu da ruwa ce ko ranar hawa kwale-kwale, ka samu mai faɗi wadda za ta rufe har jakar goyo. Amma fa ka sani garin ba sanyi gare shi ba, zafi ne mai gumi, rigar ruwa mai kauri irin ta masu gadi za ta dafa ka, mara nauyi ka nema. Riga mai ɗan dumi guda ɗaya ta isa saboda dare da sanyin esi.

Sauran: tawul ƙarami, igiyar shanya da 'yan maƙalai, tocila, man shafawa na korar sauro, hodar ƙafa, farasitamol, gishirin zawo, sallaya mara nauyi, da hularka a cikin leda in kai mai hula ne.

Gargaɗi: kar ka ce in na je can na saya. Eh akwai lema a kasuwar Watt da ta Marian, amma ruwan da zai fara dukanka tsakanin tasha ne da otal, kafin ka san ina kasuwar take. Lema da rigar ruwa su zauna a jakar hannu ba a ƙasan akwati ba.

4. Hanya: sama ko ƙasa

In ta jirgi ne, filin jirgin Margaret Ekpo a cikin gari yake, mintuna kaɗan ka isa masauki. Daga Kano ko Kaduna ko Sakkwato sai ka bi ta Abuja ko Legas, daga Abuja tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Ka kama jirgin safe in akwai.

Gargaɗi: lokacin ruwa jirgi na iya jinkiri ko a ɗage shi gaba ɗaya saboda yanayi. Kar ka haɗa tikiti biyu a matse, wato ka sauka Abuja ƙarfe biyu jirgin Kano ƙarfe uku. Ka bar tazara mai yawa, kuma kar ka sa ranar dawowarka ta zama jajibirin wani abu mai muhimmanci kamar jarrabawa ko ɗaurin aure. Wasu na sauka a Uyo su ƙarasa da mota, yana yiwuwa, amma hanyar Itu zuwa Kalaba manyan motoci ne ke binta kuma damina na ɓata ta, tafiyar da ya kamata ta zama gajera tana iya cin rabin wuni.

In ta mota ne, hanyar da aka fi bi daga Arewa ita ce Abuja, Lafiya, Makurɗi, Gboko, sai ka shiga Kuros Riba ta Ogoja, Ikom, Ugep, Akamkpa, Odukpani sannan Kalaba. Daga Abuja wuni ne cur, daga Kano kuwa ka raba ta biyu ka kwana Abuja ko Makurɗi. Ka shiga motar farko ta asuba daga tasha sananniya inda ake rubuta sunan fasinja, ba ta bakin titi ba. Ka nemi kujerar da ba ta jikin tagar da ba ta rufuwa, ka duba da hannunka kafin ka zauna.

Gargaɗi: kar ka yarda da tafiyar dare a wannan hanya, ramuka na ɓuya a ƙarƙashin ruwa ga kuma maganar tsaro. In motar da ka samu ta Inugu ko Aba za ta bi, ka guji ranar Litinin saboda zaman gida na dole da aka saba yi a wasu sassan kudu maso gabas. Katin shaidarka ya kasance a kusa, shingayen bincike na da yawa. In da motarka za ka, taya da birki da abin share gilashi da fitilu ka gyara su kafin ka tashi, kuma duk inda ka ga ruwa ya rufe titi ka tsaya ka ga wata mota irin taka ta wuce tukuna.

5. Lissafin kuɗi

Kuɗin mota ko jirgi shi ne babba, sai otal, wannan kowa ya sani. Wanda mutane ke mantawa shi ne kuɗin zirga-zirga a cikin gari, domin inda da rani za ka taka da ƙafa yanzu sai ka ɗauki shata, kuma da zarar ruwa ya sauko masu tasi sun ƙara kuɗi. Sai wanki da guga a otal tun da kayanka ba za su bushe da kansu ba. Kuɗin shiga gidajen tarihi kuwa ba wani abu ba ne, shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin, sai ɗan ihsanin da za ka yi wa wanda ya zagaya da kai.

Yadda nake yi, in na gama lissafi sai in ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai, sannan in ware kuɗin kwana ɗaya na otal daban wanda ba na taɓawa, na ranar da jirgi ya ƙi tashi ko hanya ta toshe. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji a leda, domin in hadari ya taso sabis na iya rawa tiransifa ta maƙale kana tsaye gaban mai abinci.

6. Kama masauki

Garin ƙananan hukumomi biyu ne, Kalaba Munisifal da Kalaba ta Kudu. Baƙo ya fi samun sauƙi a ɓangaren Munisifal, wajen State Housing, titin Marian ko babban titin Murtala Mohammed, nan otal suka fi yawa kuma mota ba ta wuya.

Ka biya kwana ɗaya tak da farko. In ka isa ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka ba da kuɗi, ka yi abu biyar: ka shaƙi iskar ɗakin da zarar an buɗe ƙofa, in ka ji warin danshi ka ce a canza, ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka sa tafin hannu a katifa da filo, ka kunna esi da ruwan zafi ka ga suna aiki, ka duba ragar taga ko ta yage. Sannan ka tambaya ƙarfe nawa ake kunna janareta ƙarfe nawa ake kashewa. Ɗakin bene ya fi na ƙasa.

Ni daren farko ban yi wannan ba saboda gajiya, na biya kwana uku a wani otal na kwanta, cikin dare na ji ɗigo a ƙafata, da safe jakata da na ajiye a ƙasa ta sha ruwa, kuma kuɗin bai dawo ba. Shi ya sa nake nanata maganar kwana ɗaya.

Esi a can amfaninsa ya wuce sanyaya ɗaki, shi ne ke busar maka da kaya. Ka matse rigar a cikin tawul, ka ɗaura igiyarka ka shanya a inda iskar ke bugawa, zuwa safe ta yi. Takalmi ka cusa masa tsohuwar jarida.

Gargaɗi: kar ka mayar da kaya mai ɗan laima cikin jaka ka rufe, ko kaɗan ne, zai ɓata sauran da wari. Kuma jaka ta hau tebur ko kujera, ba ƙasa ba.

7. Fara da Bogobiri

Ranar da ka isa, bayan ka huta, ka ce a kai ka Bogobiri, kowane direba ya san ta. Unguwar Hausawa ce da ta daɗe a tsakiyar gari kusa da titin Mary Slessor, akwai masallaci, masu tsire, masu shayi, 'yan canji. Dalilin da ya sa na sa ta a farko ba don ka je Kalaba ka zauna cikin 'yan uwa ba ne, a'a, don a nan za ka samu labarin da babu shi a waya: wace hanya ce ta lalace a satin nan, nawa ne kuɗin shata na gaskiya zuwa wuri kaza, wane direba ne mai amana da zai wuni da kai, ina ake cin abinci hankali kwance. Ka yi salla, ka gaisa da mutane, ka sayi shayi, ka yi tambaya. Minti talatin a wajen zai rage maka asara mai yawa.

Maganar salla, rana na iya wuni ba ta leƙo ba, ba za ka gane azahar ko la'asar da ido ba, alƙibla ma haka, kuma ba ko'ina ake jin kiran salla ba. Ka sa manhajar lokutan salla a waya ka saita ta a Kalaba. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla kuma ka tambayi malaminka tun kafin ka taso.

8. Tsara kowace rana gida biyu

Wannan shi ne sirrin tafiyar gaba ɗaya. Kowane dare ka rubuta wuri biyu na gobe, ɗaya na cikin rufi ɗaya na fili. Da safe ka leƙa sama, in an ɗan tsagaita ka ruga na fili, in ana yi ka tafi na rufi, in ya sauya da rana kai ma ka sauya. Kuma ka fita da wuri, wanda ya tsaya sai sha ɗaya ya yi asarar rabin ranarsa.

Na cikin rufi: babba shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon gidan Razdan a kan tudu, ginin katako ne da aka ƙero a Birtaniya aka kawo shi a jirgin ruwa aka haɗa a 1884, yana kallon kogi. Ka ba shi awa biyu aƙalla, akwai takardu da hotuna da kayan cinikin manja da na zamanin da Kalaba ke hedikwatar mulkin Turawa a kudu, kuma wallahi tsayawa a barandarsa ana ruwa a kan kogin nan abu ne da har yau nake tunawa. Sai gidan tarihin cinikin bayi da ke Marina Resort a bakin ruwa, ƙarami ne amma yana taɓa zuciya, in da ƙananan yara ka shiga kai kaɗai tukuna ka gani ko za su iya. Kasuwar Watt ma ana iya zagawa ana yayyafi in takalminka na roba ne.

Na fili: wurin kula da birai na Drill Ranch da ke cikin gari, inda ake rainon wani irin biri da babu shi a duniya sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko, ka riƙe ɗan abin da za ka bayar gudummawa. Sai zagayen tsohon gari wajen Duke Town, da makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, da kabarin Mary Slessor wadda ta yi yaƙi da kashe tagwaye ta rasu a 1915. Sai zama a bakin ruwa a Marina da yamma. Tinapa, cibiyar kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe a 2007, ba ta kan ganiyarta kamar da, in lokacinka kaɗan ne ba ita zan sa a gaba ba.

Gargaɗi: akwai sansanin sojan ruwa da gidajen gwamnati a kusa da wasu wuraren nan, kar ka ɗaga waya kana hoto barkatai. A cikin gidan tarihi ma ka tambaya kafin ka ɗauka.

Zirga-zirga: an hana acaɓa a tsakiyar gari, tasi ne da ƙananan bas da Keke a wasu unguwanni, akwai kuma Bolt. Ka yi ciniki kafin ka shiga ba bayan ka sauka ba. In kana tafiya a ƙasa ka nisanci bakin kwalbati, garin tudu da gangare ne, ruwa na gudu da ƙarfi kuma wani murfin babu shi, in ruwa ya rufe ba za ka gani ba. Kar ka taɓa shiga ruwan da ba ka ganin ƙasansa, kar ka bar yaro ya saki hannunka.

9. Fita wajen gari da hawa ruwa

Magangarar Kwa a ƙaramar hukumar Akamkpa ita ce mafi kusa, ana zuwa a dawo a wuni ɗaya. Akwai matakala sama da 200 da ake sauka zuwa ƙasa, da damina gansakuka na kama su su yi santsi, ka sauka a hankali hannunka babu komai, ka bi ɗan jagoran wurin. Kallo kawai za ka yi, kar ka shiga wanka lokacin da ruwa ya cika ko da ka iya iyo a kogin garinku.

Magangarar Agbokim tana can wajen Ikom, wurin shaƙatawa na Obudu kuma ya fi kilomita 300 daga Kalaba a kan dutse mai tsayin sama da mita 1,500. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka tun da jiha ɗaya ce za a je Obudu a dawo a rana guda. Ba zai yiwu ba. In kana son su ka ware kwana biyu ko uku, mafi dabara ma in ta mota ka zo ka tsaya a can a hanyar komawa Arewa tun da ta wajen za ka bi. Obudu sanyi gare ta na gaske da hazo, can kam sai da rigar sanyi.

Kwale-kwale: ɗan zagaye a gaban Marina ya wadatar wa mai son ya ce ya hau ruwa. Sharuɗɗana uku ne kuma ba na sassautawa, rigar kariya a jikinka a ɗaure ba a riƙe a hannu ba, da rana tsaka ba yamma liƙis ba, kuma in ka ga hadari ya yi baƙi ko an cika jirgin fiye da kima ka sauka ko ka riga ka biya. Doguwar tafiya ta ruwa zuwa Oron kuwa an sha samun matsalar 'yan fashin ruwa a hanyar, baƙo mai yawon buɗe ido ba shi da dalilin binta.

10. Abinci

Kar ka je Kalaba ka wuni kana cin indomi da ƙwai, garin nan da girki aka san shi a duk Najeriya. Ka ɗanɗana miyar afang, da edikang ikong wadda ganyen ugu ne da wani ganye mai ruwa-ruwa, da ekpang nkukwo wanda gwaza ce ake gogawa a naɗe a ganye a dafa da manja, ga gasasshen kifi da ayaba. Ana ci da teba ko fufu ko sakwara.

Gargaɗi, kuma wannan babba ne: ana cin naman kare a yankin, sunan da ake kiransa da shi 404, in ka ga an rubuta wannan lamba a allo ko an ce maka akwai, ka san me ake nufi. Akwai alade, akwai naman daji. Ka ce na kifi kake so, sannan ka ƙara tambaya da wane nama aka haɗa tukunyar tun asali, domin ana iya tsame maka nama a sa kifi alhali romon ɗaya ne. Faɗin cewa kai Musulmi ne ba abin jin nauyi ba ne, sun saba kuma za su gaya maka gaskiya. Miyar tasu kusan duk akwai kirefish da ƙananan dodon koɗi na ruwa, in jikinka ba ya karɓar irin waɗannan ka faɗa tun kafin a zuba. In ka rasa natsuwa ka koma Bogobiri.

Ruwan sha na gora mai hatimi kawai, abinci kuma mai zafi wanda aka sauke a gabanka, domin damina lokacin ciwon ciki ne.

11. Mu'amala da mutanen gari

Mutanen Kalaba Efik ne da Qua da Efut, ba Ibo ba ne, kar ka haɗa kowa ka kira shi da suna ɗaya, ba sa so kuma suna da gaskiya. Turancin buroka zai kai ka ko'ina. Ka riƙe kalma biyu, emesiere ina kwana, sosongo na gode, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Suna ji da tsaftar garinsu, kar ka jefar da leda ko gora a titi. In za a kira ka aboki ko malam ka amsa da fara'a, yawanci ba da wata manufa ba ne.

12. Sauro da lafiya

Kar ka ce ai mu ma muna da sauro. A can babu lokacin hutunsa. Shafa man tun kafin magariba, dogon hannu da dare, in ɗakin babu raga mai kyau ka sa a fesa magani kafin ka kwanta. Mai ciki da ƙananan yara su ga likita kafin tafiya. Kullum da dare ka wanke ƙafa da sabulu ka tsane tsakanin yatsu ka zuba hoda, wunin da ƙafa ta yi a jiƙe shi ke kawo ƙaiƙayi da tsagewa. In zazzaɓi ya kama ka a can ka je a yi gwaji kafin ka sha magani, akwai asibitin koyarwa na jami'ar Kalaba da wasu da dama. Lambar gaggawa 112.

13. Komawa gida

Daren ƙarshe ka daina wanki, duk abin da bai bushe ba ya shiga ledarsa shi kaɗai a ɗaure. Tsaraba ka saya ana gobe tafiya: kirefish, busasshen kifi, garin rogo, manja. Kifi da kirefish ka taɓa ka ji sun bushe ƙarau, mai laushi kafin ka kai Makurɗi ya fara wari. Manja ka sa a jarka mai murfin ciki, ka naɗe bakin da leda ka sake sa ta a wata ledar, in ta jirgi ne kuma ka tambayi kamfanin tun kafin ka saya ko za su karɓa, kar a ƙwace maka a filin jirgi.

Ka kira tasha ko ka duba saƙon jirgi kafin ka bar otal, kar ka mayar da makulli sai ka tabbatar ana tafiya. Da ka isa gida ka zazzage jakar gaba ɗaya a ranar, har ita jakar da takalma da sallaya ka baza su a rana. Sannan ka sa ido a jikinka da na yara na sati biyu, in zazzaɓi ko ciwon kai ya zo ka je gwaji ka gaya wa likita daga Kalaba ka dawo.